Faifan kai tsaye a waƙoƙin bishara: Daga majami'un Rogo da Ƙaraye zuwa dandalin 'yan metalko

Faifan kai tsaye shi ne faifan waƙa da aka naɗa a wurin taro, a gaban jama'a, a daidai lokacin da mawaƙi da makaɗansa suke cikin wasa. Ya bambanta da faifan situdiyo, inda ake rufe ƙofa a maimaita baiti ɗaya sau goma har sai ya zauna daidai. Idan aka haɗa sautin da hoton bidiyo, sai ya zama shaidar abin da ya faru a wannan rana: wanda ya ba da waƙa, waɗanda suka amsa, irin kayan kiɗan da aka kaɗa, har da tafi da guɗa. Ana samun irin wannan faifai a kowane fannin kiɗa, amma ya fi samun gindin zama a waƙoƙin ibadar Kirista, domin a can jama'ar da ke zaune su ne 'yan amshi, kuma in aka cire muryarsu an cire rabin waƙar.

A ƙasar Hausa wannan al'ada tana da tushe a ƙauyukan Hausawa Kirista, irin waɗanda ke yammacin Jihar Kano. A ƙasashen Turawa kuwa ta kai har ga ƙungiyoyin matasa masu kiɗan da ake kira metalko, wanda ƙararsa kan sa baƙon kunne ya toshe kunnuwa. Tsakanin tulun Zumuntar Mata da jitar lantarki akwai tazara mai nisa, sai dai dabarar naɗar da dalilin yin ta kusan ɗaya ne.

Ƙasar da mutanenta

Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna kudu maso yammacin birnin Kano. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, Ƙaraye kuma a cikinta ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992. A ƙidayar 2006 mutanen Rogo sun haura 200,000, na Ƙaraye kuma sun kai kimanin 140,000. Tun watan Yulin 2024 ƙananan hukumomin biyu ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu. Noma ne babbar sana'a, na damina da na rani.

Mafi yawan mazauna yankin Musulmi ne, amma tun da daɗewa akwai gidajen Maguzawa a karkararsa, kamar yadda suke a Gwarzo da Ƙiru, da Malumfashi da Ƙafur a ɓangaren Katsina. Masana sun yi rubutu a kansu. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya wallafa littafinsa a 1946, Murray Last kuma ya zauna a wani gidan Maguzawa na yankin Malumfashi a farkon shekarun 1970. A cikin rabin ƙarnin da ya wuce da yawansu sun bar addinin gargajiya, wasu sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci. Daga cikin ikilisiyoyin da suka kafu a tsakaninsu akwai ECWA da Baftis da Anglika. Cocin Anglika ma ta kafa dayosis sukutum a garin Bari da ke Rogo, ƙarƙashin lardinta na Kaduna.

Abin lura shi ne waɗannan masu ibada Hausawa ne gaba da baya. Da Hausa suke addu'a, da ita suke wa'azi, da ita suke waƙa, kuma Hausar ce ta gidansu, ba aro suka yi ba. Wannan ya sa waƙoƙinsu suka fi kusa da waƙoƙin daɓe da na niƙa da na gayya fiye da abin da ake ji a manyan majami'un Sabon Gari.

Yadda waƙar coci ta zama ta Hausa

Mishan sun shigo Arewa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. An kafa ƙungiyar SIM a 1893, ta SUM kuma a 1904. Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a Zariya daga 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikinsu a cikin masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta hanyar kula da kutare da aikin asibiti. Asibitin ido na Kano, wanda ECWA ke riƙe da shi yanzu, daga wannan zamani ya samo asali. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954.

Waƙoƙin farko fassara ce. An ɗauko waƙoƙin ibada na Ingila da Amurka aka sa musu kalmomin Hausa, aka tara su a Littafin Waƙoƙi, wanda har gobe ake riƙe da shi a ibadar safiyar Lahadi. Sai dai fassarar ta zo da matsala. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma hawa da saukar murya kan canja ma'ana: kukan da yaro ke yi daban, kukar miya daban, alhali rubutunsu ɗaya. Haka kuma waƙar Hausa tana tafiya ne a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Idan aka ɗora kalma a kan karin da aka tsara don Turanci, sau da yawa karin kan ja gajeren wasali ya tsawaita shi, ko ya ɗaga muryar inda ya kamata ta sauka. Mai ibada yana gane abin da ake nufi saboda ya saba, amma kunnensa ya san ba haka ake faɗa a gida ba.

Gyaran ya zo ne daga ƙasa. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka fara tsara waƙoƙinsu da salon bayarwa da amshi, suna kaɗa tulu da tafin hannu, suna haɗawa da caki da ƙarfe da ganga. Yunƙurin wa'azi na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a farkon shekarun 1960, ya haifar da ƙungiyoyin mawaƙa da ake kira 'yan Sabon Rai, masu zagaya ƙauyuka da ganguna. Ƙungiyoyin matasa na Birged suka kawo gangar fareti da ƙaho. A irin waɗannan waƙoƙi kalma ce ke jan kari, shi ya sa suke da saurin haddacewa, kuma mace ɗaya za ta iya ƙara baiti nan take idan taro ya yi daɗi. Waƙar da ake ƙara mata baiti nan take ba ta da siffa ɗaya tsayayya. Duk ranar da aka rera ta sabuwa ce, kuma naɗar kai tsaye kaɗai ke iya kama ta yadda take.

Daga garmaho zuwa katin memori

Na'urar naɗa ita ke yanke wa waƙa tsawonta. Faifan garmaho na dā yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowane gefe, saboda haka mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa dole ya datse ta. Babban faifan da ya biyo baya ya kai kimanin minti ashirin a gefe. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya sauya komai, domin yana ɗaukar minti 60 ko 90, yana da araha, kuma duk mai rikoda zai iya naɗa da kansa. Da yawa daga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a wurin biki ko a gidan rediyo aka naɗe su a zama ɗaya, ana jin muryar maroƙa da hayaniyar jama'a a ciki. Bahaushe ya saba da faifan kai tsaye tun kafin a raɗa masa suna.

A ɓangaren Kirista, rediyo ne ya fara yaɗa waƙoƙin. Gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta Laberiya a 1954, kuma yana da shirye-shiryen Hausa da ake haɗawa a Nijeriya. Daga 1963 zuwa 1977 akwai tashar da ke watsawa daga Adis Ababa ta Habasha, wadda situdiyonta na Hausa, Muryar Bishara, yake Jos. Gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Waɗannan situdiyo sun naɗi ƙungiyoyin mawaƙa na ikilisiyoyi, kuma ta nan ne waƙar da aka tsara a wani ƙauye take isa ƙauyen da ba su taɓa haɗuwa ba.

Bayan kaset sai bidiyo. Shekarun 1990, da fim ɗin Hausa ya bunƙasa a Kano, sun samar da masu kyamara da masu tace hoto da 'yan kasuwar faifai irin na Ƙofar Wambai. Mai ɗaukar bidiyon biki shi ne dai ake kira ya ɗauki taron Zumuntar Mata ko bikin godiya na kaka ko gasar mawaƙa ta gunduma. Faifan CD na bidiyo ya maye gurbin kaset ɗin bidiyo, DVD ya biyo baya, sannan wayar hannu ta haɗiye su duka. A yau waƙa tana tafiya ne a katin memori, ko ta wajen masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, ko ta WhatsApp da Facebook da YouTube. Wannan hanya ba ƙarama ba ce. Makaɗin jitar nan na Nijar, Mdou Moctar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙinsa suka ratsa Sahara kafin wani kamfanin Amurka ya neme shi.

Mawaƙan birni da faifan taro

Jos da Kaduna su ne cibiyoyin waƙar bishara ta zamani a Arewa. Panam Percy Paul, ɗan asalin Adamawa mazaunin Jos, ya yi suna da jerin faya-fayansa na Bring Down the Glory, kuma ya kafa makarantar koyar da kiɗa. Jeremiah Gyang ya haɗa Hausa da kiɗan zamani a waƙarsa Na Ba Ka, wadda ta karaɗe ƙasar nan a tsakiyar shekarun 2000. Solomon Lange ya shahara da waƙoƙin yabo na Hausa da ake rerawa har a majami'un Kudu, inda masu rerawar ba su jin harshen. Matasa irin su Kaestrings sun biyo sahu, kuma bidiyon da aka ɗauka a wurin taron ibada na daga cikin abin da ya fi yaɗa su.

Samfurin da suka gani ya zo ne daga Amurka. Kamfanin Integrity ya fitar da jerin faya-fayan ibada da aka naɗa a gaban jama'a, irin su Give Thanks na Don Moen a 1986 da Lift Him Up na Ron Kenoly a 1992. Bidiyon Kenoly ya shiga gidajen Kirista da dama a Nijeriya, kuma daga shi ƙungiyoyin mawaƙa suka koyi tsayuwar dandali da jeren makaɗa da yadda jagora ke magana tsakanin waƙa da waƙa. A Legas, taron The Experience da cocin House on the Rock ke shiryawa tun 2006 a dandalin Tafawa Ɓalewa ya mayar da daren waƙa wani babban shiri da ake watsawa kai tsaye.

Yadda ake naɗar faifan kai tsaye

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka abin da ke fita daga lasifika shi ne faifai. Sautin lasifika an daidaita shi ne don ɗakin da ake ciki. Ganga, wadda ƙararta ta riga ta cika ɗakin, ba a ƙara mata ƙarfi sosai, murya kuwa ana ɗaga ta. In aka naɗi wannan haɗin kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, sai a ji murya ta danne komai, jama'a kuma kamar ba su zo ba. In kuma aka dogara da makirufon kyamara ko na waya, sai ganga ta cinye kalmomin.

Masu sana'ar suna ba kowace murya da kowane abin kiɗa makirufonsa, su naɗi kowanne a layinsa daban. Ana kuma kafa wasu makirufo suna fuskantar jama'a, don a kama amshi da tafi. Bayan taro sai injiniya ya zauna ya haɗa layukan, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, har kalma ta fito sarai ba tare da an kashe zafin taron ba. A nan ne ake samun saɓani a kan gaskiyar faifan, domin ana iya komawa situdiyo a sake rera baitin da murya ta shaƙe, a liƙa shi a gurbinsa. Gyara kaɗan abu ne da aka saba da shi a sana'ar. Idan ya yi yawa, sunan kai tsaye ne kawai ya rage.

Hoto yana da nasa sharaɗin. Ana bukatar kyamara fiye da ɗaya: wata ta ɗauki dandali gaba ɗaya, wata ta bi jagoran waƙa, wata ta juya ga jama'a. Dole kuma a sami alamar da za ta haɗa hoto da sauti, ko da tafi ɗaya ne mai ƙarfi a gaban kyamarori kafin a fara. Muhimmancin wannan ƙaramin abu ya bayyana a labarin Amazing Grace na Aretha Franklin. An naɗi faifan cikin dare biyu a watan Janairun 1972 a wata majami'ar Baftis da ke Los Anjalis, tare da Rabaran James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Darakta Sydney Pollack ya ɗauki hoton taron, amma ba a yi amfani da allon tafin da ke nuna mafarin kowace ɗauka ba, sai aka kasa daidaita motsin baki da murya. Da wannan matsala da kuma taƙaddamar izini da ta biyo baya, fim ɗin bai fito ba sai a 2018, bayan rasuwar mawaƙiyar.

A karkara akwai ƙarin cikas da littattafan koyon sana'ar ba su cika ambata ba. Janareta yana sa ƙara a iska da kuma gurnani a cikin waya, don haka ana nisanta shi da wurin taro. Rufin kwano yana dawo da sauti, ya sa kalmomi su cakuɗe. Tulu kuwa sautinsa mai zurfi ne kuma marar ƙarfi, in ba a sa masa makirufo kusa da baki ba, ganga za ta binne shi.

Metalko da 'yan bisharar cikinsa

Metalko kiɗa ne da ya taso a Amurka a shekarun 1990 daga haɗuwar salo biyu na kiɗan rok, wato hebi metal da hadko. Ana sassauta tsirkiyar jita don sautinta ya yi kauri, a bi da shi ta na'urar da ke sa shi ƙara mai kaushi. Mai ganga yana taka fedar babbar ganga da ƙafa biyu cikin sauri. Mawaƙi yana fitar da murya daga maƙogwaro da ƙaraji, wani lokaci wani ya amsa masa da murya mai laushi. Alamar da aka fi sanin salon da ita ita ce gaɓar da ake rage gudun kiɗa kwatsam, a riƙa sara shi da nauyi, matasan da ke gaban dandali kuma su ɓarke da tsalle da ture-ture. Wanda ya taɓa ganin yadda fage ke rikicewa idan makaɗi ya taɓo taken ɗan dambe ya tashi yana kirari zai fahimci abin da wannan gaɓa ke yi wa masu sauraro.

Tun shekarun 1980 ƙungiyar Stryper ta nuna ana iya ɗora saƙon Kirista a kan kiɗan metal. Kamfanin Tooth & Nail, da reshensa Solid State wanda aka buɗe a 1997, sun tattara ƙungiyoyi irin su Zao da Norma Jean da Underoath da Demon Hunter. Bikin Cornerstone da aka riƙa yi a Jihar Ilinoi daga 1984 zuwa 2012 ya zame musu matattara.

Ga irin waɗannan ƙungiyoyi, faifan kai tsaye hujja ce. Kiɗan yana da wuyar kaɗawa, kuma kowa ya san kwamfuta tana iya gyara kowane kuskure a situdiyo, saboda haka masoya suna so su gani da idonsu ko makaɗan za su iya. Ƙungiyar August Burns Red, wadda aka kafa a 2003 a yankin Lankasta na Jihar Fensilbaniya, ta naɗi wasanta na ranar 4 ga Yunin 2010 a garin Manheim, ta fitar da shi a watan Satumban shekarar da sunan Home, faifan sauti haɗe da na bidiyo. Sunan yana nufin gida, domin a yankinsu suka yi wasan, a gaban waɗanda suka san su tun suna kiɗa a ƙananan ɗakuna. Daga baya an sa ƙungiyar cikin 'yan takarar kyautar Grammy sau biyu, a 2016 da 2018. Underoath ta fitar da Survive, Kaleidoscope a 2008, As I Lay Dying ta fitar da bidiyon This Is Who We Are a 2009, The Devil Wears Prada ta garin Deton a Jihar Ohayo kuma ta fitar da Dead & Alive a 2012. Yawancin irin waɗannan faya-fayai suna zuwa da wani shiri na daban mai nuna rayuwar makaɗan a mota da masauki.

A Afirka ma akwai masu kiɗan metal, musamman a Botswana da Kenya da Angola da Afirka ta Kudu, kuma ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta Togo tana haɗa shi da gangunan gargajiya. A Nijeriya masu bin salon 'yan ƙalilan ne, duk da cewa kiɗan rok ya taɓa tashe a shekarun 1970 a hannun ƙungiyoyi irin su Ofege da BLO da The Funkees.

Muhawarar da ba ta ƙare ba

Tambayar da ake yi wa 'yan metalko ita ce: idan ba a jin kalmomin saboda ƙaraji, ina saƙon yake? Masu kare su sukan ce matasan suna karanta baitocin a takardar faifai su haddace, kuma akwai waɗanda ba za su taɓa shiga majami'a ba amma za su zo wurin wasa. Masu suka sukan ce kiɗan da ke tayar da jijiyar wuya ba ya barin zuciya ta natsu. Irin wannan gardama an yi ta a Arewa. Mishan na farko da dama sun ƙi yarda a shigar da ganga majami'a, domin suna ganin ta da bori da bukukuwan gargajiya take tafe, kuma ga Bamagujen da ya bar tsafi jiya wannan damuwa ba ta wasa ba ce. Da aka karɓi ganga, sai gardamar ta koma kan jita da fiyano na lantarki, yanzu kuma tana kan salon gambarar zamani.

Akwai kuma batun suna da kasuwa. Laƙabin ƙungiyar Kirista yana buɗe ƙofar shagunan littattafan addini da bukukuwan coci, don haka yana da daraja ta kuɗi. A 2014 wata kotu a Kalifoniya ta yanke wa Tim Lambesis, jagoran As I Lay Dying, ɗaurin shekara shida bisa laifin neman wanda zai kashe matarsa, kuma shi da kansa ya bayyana cewa ya riga ya bar imaninsa tun ana ci gaba da tallata ƙungiyar da sunan addini. Underoath ma daga baya ta daina kiran kanta da wannan laƙabi. Wasu ƙungiyoyin sun zaɓi su ce su Kiristoci ne masu kiɗa, su bar wa mai sauraro hukunci a kan waƙar.

Haƙƙin mallaka da adanawa

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bambanta haƙƙoƙi da dama a cikin faifai ɗaya. Wanda ya tsara waƙa yana da haƙƙinta tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Sautin da aka naɗa da hoton bidiyo suna da kariyar shekara 50. Masu wasan su ma suna da haƙƙin a nemi izininsu kafin a naɗe su ko a watsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da dokar. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, baya ga ta tarayya.

A aikace, faifan taron ƙauye yakan fita ba tare da sunan kowa ba. Matar da ta tsara waƙa ba a rubuta ta, mai kyamara yana riƙe da asalin ɗaukar, wani kuma can ya ɗora a YouTube da sunan tasharsa. Idan wani mawaƙin birni ya ji waƙar ya sake ta da kayan kiɗan zamani, babu takardar da za ta nuna inda ta fito. Maganin ba shi da tsada: a rubuta sunan ikilisiya da gari da kwanan wata da sunan mai waƙa da masu kiɗa a farkon bidiyon, a kuma yi yarjejeniya a rubuce da mai ɗauka kafin ya kunna kyamara.

Adanawa ta fi gaggawa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da danshi, faifan CD da aka kwafa a kasuwa yana ɓarewa, katin memori kuma yana tafiya tare da wayar da aka sace ko ta faɗa ruwa. Na'urorin da ke kunna kaset ɗin bidiyo sun kusa ƙarewa a hannun masu gyara. Abin da ke cikin waɗannan kasakasai ya wuce ibada kaɗai. Akwai karin harshen yammacin Kano kamar yadda tsofaffi ke furta shi, da salon kiɗan tulu, da karin waƙoƙin noma da na aure waɗanda suka sauya kalmomi suka shiga majami'a bayan an daina rera su a dandali. Juyar da kaset ɗaya zuwa kwamfuta yana cin daidai tsawon kaset ɗin ne kawai, wato awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi, da rikoda mai lafiya da wayar haɗi. Masana adana sauti suna ba da shawarar a ajiye kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban, kuma kada a jefar da asalin kaset ɗin bayan an juye shi.